Yadda Ake Koyar da Tsofaffin Sifofin Kiɗan Turai da Baki da Kunne

Ɗalibin da ya haddace cewa motet waƙa ce mai muryoyi da yawa, aka kunna masa motet ya kasa gane ta, da sauran aiki a gabansa. Wannan matsala ta yi yawa a azuzuwan kiɗa da ƙungiyoyin mawaƙa na coci, daga Zuru zuwa Yawuri har Birnin Kebbi: littafi cike da sunaye, kunne kuwa fayau. Maganinta shi ne a juya tsarin. A fara rerawa, a saurara, sunan ya zo daga ƙarshe.

Ga abin da malami ko shugaban mawaƙa ke bukata: mutum 9 zuwa 12 da za a iya rabawa rukuni uku, kibod ko manhajar fiyano a waya, allo da alli, da sifika mai ɗan girma wadda ke fitar da ƙasan sauti. A sauke waƙoƙin da za a saurara tun daga gida, kada a dogara da intanet a wurin koyo. Zama shida na minti 45 ya isa: minti 25 na rerawa, 10 na sauraro, 10 na rubuta sunaye. Yawancin wannan kiɗa a coci ya tashi, kalmominsa na ibada ne da Latin. Idan ajin ya haɗa Musulmi da Kirista, a rera komai da d r m f s l t, wato do re mi fa so la ti, domin sifa ake koya, kuma sifar ba ta canzawa don an cire kalmomi.

A rubuta tambaya uku a saman allo, kada a goge su har a gama: Murya nawa ke tafiya? Me ke dawowa? A kan wane sauti ake sauka? A ƙarƙashinsu a ja layin zamani: tsakiyar zamani har zuwa wajen 1400, Renesans daga nan zuwa wajen 1600, Barok daga 1600 zuwa 1750, shekarar da Bach, makaɗin Jamus, ya rasu.

Murya ɗaya, babu ganga

A fara da waƙar Giregori, wadda aka laƙaba wa sunan Paparoma Giregori na ɗaya, wanda ya yi mulki daga 590 zuwa 604, ko da yake ta ɗauki kamanninta ne a ƙasar Faransawan da a ƙarni na 8 da na 9. Kowa yana rera kari ɗaya, babu kayan kiɗa, babu bugun da ake ƙirgawa. Wannan shi ake kira monofoni, wato murya ɗaya ko da mutum ɗari ne ke yi.

Kuskuren farko zai fito cikin minti biyu: ƙafafu za su fara buga ƙasa, wani ya fara tafi. Kunnen da ya girma da kalangu da kotso yana neman inda zai taka. A sa su karanta jimlar da baki tukuna, kamar mai karanta wasiƙa a natse, sannan a ɗora kari a kan wannan tafiyar. Numfashi a ƙarshen jimla yake.

Sai a nuna musu yadda gaɓa ke ɗaukar sauti. Akwai silabik, gaɓa ɗaya sauti ɗaya. Akwai niyumatik, gaɓa ɗaya sauti biyu zuwa huɗu ko biyar. Akwai melisma, inda gaɓa ɗaya ke jan sauti goma ko fiye, kamar “ya” ta ƙarshen Haleluya. A wurin melisma mawaƙa kan cusa “h” tsakanin sautuka, a ji “ya-ha-ha-ha”. Dalili shi ne suna tura kowane sauti daga maƙogwaro. A koma kan wasalin “u”, a ja sauti biyar da numfashi ɗaya a hankali, a ƙara zuwa takwas, sannan a dawo da kalmar.

Wanda ya iya d r m ya riga ya ci gādon wannan zamani. Gido na Arezo, wani malamin coci a Italiya a farkon ƙarni na 11, shi ya ɗauko ut re mi fa sol la daga farkon layukan wata waƙar yabon Yahaya Mai Baftisma, wadda layukanta shida na farko ke farawa kowanne mataki ɗaya sama da na baya. Daga baya ut ta koma do, aka ƙara na bakwai. Shi ne kuma ya yaɗa rubutu a kan layuka, har yau littattafan waƙar Giregori layi huɗu gare su, ba biyar ba.

Tambaya ta uku a nan take aiki. Tsofaffin waƙoƙin ba lallai su sauka a kan d ba. A kan fararen maɓallan kibod kawai, a rera daga r zuwa r na sama, wannan Doriyan ne. Daga m, Firijiyan. Daga f, Lidiyan. Daga s, Miksolidiyan. Kowanne yana da ɗan'uwa mai sauka a wuri ɗaya amma yana yawo ƙasa da shi, shi ya sa ake cewa sikeli, wato jerin sautuka, takwas ne na coci. Abin da zai faru shi ne, idan aka zo ƙarshe a kan r, rabin ajin zai zame ya faɗa d, saboda waƙoƙin littafi sun saba musu da haka. A sa mutum biyu su riƙe r a ƙasa tun daga farko har ƙarshe, sauran su yi yawo a kai. Bayan zagaye uku ko huɗu kunne zai yarda cewa nan ne gida.

Murya biyu, da zancen karin harshe

Oganum shi ne matakin farko na polifoni, muryoyi da yawa kowace da layinta. An bayyana shi a rubuce tun ƙarshen ƙarni na 9. Mafi sauƙinsa, rukuni biyu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, tsakaninsu mataki biyar. A rubuta wannan a allo, alamar ' tana nufin sama:

Na sama: s l s d' t l s
Na ƙasa: d r d f m r d

A ba kowane rukuni sautinsa na farko daga kibod, a riƙe shi daƙiƙa biyar har a ji sautin biyu sun zauna kamar abu ɗaya, sannan a motsa. Na ƙasa za su so su hau su bi na sama, ko su nemi tazarar mataki uku da suka saba da ita a kwaya. A raba su, kowane rukuni a kusurwarsa. Akwai kuma tarko ɗaya: idan na sama ya taka f, na ƙasa zai faɗa t na ƙasa, kuma wannan tazara ba cikakkiyar biyar ba ce, tana da ɗaci a kunne. A sauke t ɗin rabin mataki ya zama ta. Mawaƙan da ma haka suka yi ta fama da wannan wuri.

Ga wani abu da ya shafe mu kai tsaye, wanda ya cancanci a tsaya a kansa. Hausa harshe ne mai kari. Kuka na hawaye, gaɓoɓinsa biyu a sama suke. Kuka ta miya, ta farko sama, ta biyu ƙasa. A oganum mai tafiya tare, idan murya ɗaya ta sauka ɗayar ma ta sauka, don haka kalmar Hausa tana fita da ma'anarta a bakin kowa. Da zarar an shiga salon da ya biyo baya, inda wannan ke hawa waccan ke sauka, dole ɗaya daga cikinsu ta karya karin kalmar. Wanda ke son ɗora baitin Hausa a kan waƙa mai muryoyi huɗu ya ba muryar da aka fi ji, yawanci ta sama, karin da ya dace da maganar, ya bar saɓanin ga muryoyin ciki. Kuma ya lura da gaɓa mai nauyi da marar nauyi: doguwar gaɓa a kan gajeren sauti tana mayar da garin tuwo garin mutane.

Daga nan a kunna “Viderunt omnes” na Perotin, na cocin Notre Dame a Paris, daga wajen 1200. Muryoyi huɗu ne. Ta ƙasa tana riƙe sauti ɗaya na tsohuwar waƙar Giregori tsawon lokaci, uku na sama suna rawa a kai da bugu mai uku-uku. Wannan mai riƙon shi ne teno, daga kalmar Latin mai ma'anar riƙewa. Asalinsa sunan aiki ne, daga baya ya zama sunan muryar maza ta sama. Tsohon karin da ake ginawa a kansa kuma ana ce masa kantus firmus, tsayayyen kari. Don a ji daɗin gwadawa, mutum uku su riƙe sauti ɗaya minti guda, kowa ya ja numfashi a lokacin da sauran biyu ke ciki, ya dawo a hankali. Idan an yi daidai zai fita kamar algaita, ba a jin inda aka yanke.

Bi-ni-in-bi-ka

Kanon ita ce sifar da ta fi saurin buɗe kunne, don haka a ba ta zama guda cur. Kari ɗaya ne, amma rukunoni suna shiga ɗaya bayan ɗaya. Idan ana komawa farko ana zagayawa, ita ce waƙar zagaye. Sananniyar tsohuwa daga Ingila, “Sumer is icumen in”, ta ƙarni na 13 ce. Maimakon a ɗauko ta, a gina sabuwa a gaban ɗalibai, su ga inda dabarar take. Layi uku, kowanne sauti huɗu, waƙafi yana nufin ƙasa:

d d t, d
m f r m
s l s s

A duba daga sama zuwa ƙasa: d m s, sai d f l, sai t, r s, sai d m s. Kowane ginshiƙi yana jituwa. Yanzu kowa ya koyi layukan uku a jere kamar waƙa ɗaya, sauti ɗaya a daƙiƙa ɗaya, har sau biyar. Rukuni na farko ya fara. Idan ya shiga layi na biyu, rukuni na biyu ya fara daga farko. Haka na uku. Don tsayawa, malami ya ɗaga hannu, kowa ya riƙe sauti na huɗu na layin da yake ciki.

Abubuwa uku ke lalata ta. Na ɗaya, rukunoni suna narkewa su koma murya ɗaya, saboda an tara gwanaye a rukunin farko. A sa wanda ya fi kowa tsayuwa a rukuni na biyu, domin shi ne ke shiga cikin hayaniya. Na biyu, gudu yana ƙaruwa, kowa na ƙoƙarin kamo na gabansa. Malami ya buga tebur a farkon kowane layi kawai. Na uku, waƙar tana zamewa ƙasa, a gama ƙasa da inda aka fara. Yawanci t, ne ake rerawa a kasalance. A hunturu, lokacin da ake shirin Kirsimeti kuma ƙura ta busar da maƙogwaro, abin ya fi muni. A ajiye ruwa, a taɓa d a kibod bayan kowane zagaye uku a gwada.

Wanda ya yi wannan da bakinsa zai gane kwaikwayo a kiɗan Renesans nan take. A kunna “Ave Maria… virgo serena” na Josquin des Prez, wanda ya rasu a 1521. Soprano ta fara, alto ta ɗauka, teno, sai bes, daga sama zuwa ƙasa. Ɗalibai su ɗaga yatsa ɗaya a kowace shiga. Kowace sabuwar jimla tana zuwa da sabon karinta, a sake bi da bi.

A nan ne ya kamata a warware rikicin motet, domin kalma ɗaya ce mai ma'ana biyu. A ƙarni na 13, motet waƙa ce da aka ɗora wa muryoyin sama kalmomi, sunan ma daga kalmar Faransanci mai nufin “kalma” ya fito, kuma kowace murya tana iya rera nata baitin daban a lokaci ɗaya, har da baitin soyayya da Faransanci a kan teno na Latin. A ƙarni na 16, zamanin Palestrina wanda ya rasu a 1594, motet ta zama waƙar ibada da Latin, kowa da kalmomi iri ɗaya. Duk wanda aka tambaye shi ma'anar motet, ya fara tambayar ta wane ƙarni. Madirigal kuwa ƙanwarta ce ta duniya: baitin Italiyanci, daga baya na Ingilishi, mutum ɗaya ga kowace murya, kuma kari yana zana ma'ana, a hau idan an ambaci sama, a yi ɗaci idan an ambaci mutuwa.

Me ke dawowa

Mutumin Zamfara ko Kabi da ya saurari makaɗan fada irin su Musa Ɗanƙwairo ba ya bukatar a koya masa gindin waƙa da ɗiyanta. Da wannan sanin za a shiga tsayayyun sifofin Faransa na ƙarni na 14. Ƙa'idar rubutu ita ce: babban baƙi, kari ɗaya kalmomi ɗaya, wato gindi. Ƙaramin baƙi, kari ya dawo amma da sababbin kalmomi. Birele tana tafiya AbbaA, ita ta fi kusa da abin da muka sani, kuma “Douce dame jolie” ta Guillaume de Machaut misali ce mai sauƙin bi, murya ɗaya ce. Rondo na wancan zamani ABaAabAB ne. Balad kuma kari na farko sau biyu, sai na biyu. A sa ɗalibai su rubuta baƙaƙen suna sauraro. Kuskurensu shi ne bin kalmomi kaɗai, sai su sa sabon baƙi alhali karin tsoho ne. A sa su yi gunjin karin da baki rufe kafin su rubuta.

Mas, babbar ibadar cocin Katolika, ba ya bukatar dogon bayani, sassa biyar ne da kalmominsu ba sa canzawa: Kyrie, Gloria, Credo, Sanctus, Agnus Dei. Na farkon da Girkanci yake, sauran da Latin. Gloria da Credo kalmominsu da yawa, don haka sun fi karkata ga silabik. Machaut ya tsara su duka da muryoyi huɗu a garin Reims a wajen 1360.

Ginin Barok daga ƙasa yake tasowa

Daga 1600 nauyi ya koma kan bes. Baso kontinuwo mutum biyu ne galibi: ɗaya yana jan layin ƙasa da babban goge irin na Turai, ɗaya yana cike jituwa da hafsikod (tsohon kayan kiɗa mai kama da fiyano) ko ogan, yana karanta lambobin da aka rubuta a ƙarƙashin bes. Idan babu lamba, a ɗora mataki na uku da na biyar. Idan an sa 6, na uku da na shida: bes m mai lamba 6 yana ba da m s d'. Mai kibod a coci zai kama wannan cikin rabin awa.

Aikin baki a nan shi ne bes mai maimaituwa. A ɗauki na kanon ɗin Pachelbel, sauti takwas:

Bes: d s, l, m, f, d, f, s,
Sama: m' r' d' t l s l t

Maza su zagaya layinsu sau biyu su kaɗai kafin mata su shiga. Sauti na shida, d na can ƙasa, ya fi ƙarfin yawancin maza. A ɗaga shi zuwa d da aka fara da shi, babu abin da zai ɓaci. Matsalar gaske gajiya ce: bayan zagaye na biyar masu bes sukan saki hankali su fara jan ƙafa. A raba su biyu suna karɓeɓeniya. Sannan a kunna kukan Dido daga wasan Purcell, inda bes ke sauka da rabin mataki rabin mataki yana komawa, a ce su ƙirga sau nawa ya dawo. Waƙoƙinmu na gargajiya da yawa kan sauti biyar suke tafiya, babu rabin mataki, don haka wannan saukar tana bukatar a bi ta da kibod sannu a hankali.

Opera, wasan kwaikwayo da ake rerawa, ta kafu a wannan lokaci, “L'Orfeo” na Monteverdi an yi shi a Mantua a 1607. A cikinta a rarrabe abu biyu. Resitatibo magana ce da aka ɗora wa kari, labari yana gudu, kusan kamar mai kirari yana zuba a kan kiɗa. Ariya kuwa labari ya tsaya, ana juya jimla ɗaya. Ariyar da kapo ABA ce, kuma fassarar kalmar ba ta da wuya, “daga kai” take nufi. Idan aka koma A, mawaƙi yana ƙara ado nasa. Wanda ya maimaita ta yadda ya yi da farko bai cika aikin ba.

Ritonelo gindin waƙa ne na kayan kiɗa: duka makaɗa su buga shi, mai goge ɗaya ya fita yawo, su dawo. Sashen farko na “Bazara” a cikin lokutan shekara huɗu na Vivaldi, da aka buga a 1725, ya isa misali. Bambancinsa da namu, yakan dawo a gutsure, wani lokaci a wani sikeli, sai a ƙarshe ya zauna gida. Jerin raye-raye da ake kira suwit a ƙirga bugunsu kawai: alemand huɗu, kurant uku, saraband uku a hankali da nauyi kan na biyu, jig mai tsalle shida ko goma sha biyu.

Fuga ce ta ƙarshe, kuma ana yawan rikita ta da kanon. A kanon, mai bi yana kwafar na gaba daga farko har ƙarshe. A fuga, gajeren kari ne kaɗai ake kwafa, ana ce masa jigo. Murya ta farko ta kawo shi ita kaɗai, ta biyu ta amsa a tazarar mataki biyar, sauran su shigo, daga nan kowa ya kama hanyarsa. Akwai wuraren da jigon ke ɓacewa gaba ɗaya, sannan ya sake ɓullowa a wata murya. A yi amfani da ƙaramar fugar Bach ta ogan mai lamba BWV 578, muryoyi huɗu masu shiga daga sama zuwa ƙasa. A koya wa ajin jigon da baki kafin a kunna, kowa ya ɗaga hannu idan ya ji shi. Idan hannaye suka ƙi tashi a shiga ta huɗu, a duba sifika kafin a zargi ɗalibai, domin wannan shigar da ƙafa ake taka ta a ogan, kuma sifikar waya ba ta fitar da ita.

A zama na shida a kunna guntaye shida da ba su taɓa ji ba, daƙiƙa 40 kowanne, sau biyu. Maki biyu ga kowace amsa ta tambayoyin nan uku na saman allo, maki ɗaya ga sunan sifa. Idan da yawa sun haɗa motet da madirigal, a sake kunna su a jere, a ce su saurari harshen da kuma yawan mutanen da ke kan kowace murya. Idan fuga da kanon ne suka cakuɗe, a koma kan layukan nan uku na allo a sake zagaye biyu, sannan a kunna Bach a tsayar da shi daidai inda murya ta biyu ta gama jigo ta rabu da ta farko.